Mai ɗaki ya san inda ke yoyo, amma ina kuɗin kwano?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili, tare da haƙuri da tsawon wasiƙar, don na san ta wuce yadda ka saba bugawa.

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, nake bin gardamar da ake yi a gida kan makarantun firamare. Wasu na cewa a sakar wa mutanen gari makarantunsu su riƙe, ƙungiyar malamai ta NUT kuma ta daɗe tana roƙon kada albashin malamai ya koma hannun ciyamomi. Ban zo raba wannan gardama ba. Ni malamin lissafi ne, na yi shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a jihar Katsina, yanzu kuma ina cikin shekara ta biyar a wata ƙaramar gunduma a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, wurin da mutanen gari ke riƙe da makarantunsu da hannunsu tun kafin a haifi kakana. Abin da na gani da idona nake so in faɗa. Ba zan ambaci sunan gundumar da nake aiki ba, don masu gidana ne, kuma wasu abubuwan da zan faɗa ba yabo ba ne.

Na zo ne da bizar musayar malamai, wadda ake ba mutum shekara uku, a ƙara masa biyu idan ana son aikinsa, daga nan sai gida. Ranar da aka ɗauko ni daga filin jirgi ina ta zuba ido in ga benayen da muke gani a talbijin. Sai mota ta bar babban titi, muka shiga gonakin auduga da gyaɗa da dazukan itacen katako, har na ce wa direban ai kamar hanyar Funtua muke bi. Garin da makarantarmu take fitilar ba da hannu ɗaya gare shi. Rabin shagunan tsakiyar gari a rufe suke, an lulluɓe tagoginsu da katako. Akwai coci kusan a kowace kwana, akwai gidan mai biyu da kantin kayan araha. Galibin mutanen baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka nome waɗannan gonaki. Duk yaron da ke makarantarmu kyauta yake cin karin kumallo da abincin rana, saboda talaucin yankin ya kai matsayin da gwamnatin tarayya ba ta ma tambayar kowane gida nawa yake samu.

Jihar tana da gundumomi 46, su suna ce musu kawunti, da hukumomin makarantu saba'in da 'yan kai. Kowace hukuma tana da kwamiti, a yawancin wurare zaɓensa ake yi. Namu mutum bakwai ne: akwai fasto, akwai malama mai ritaya, akwai mai gidan shirya jana'iza, akwai direban babbar mota. Su ne ke ɗaukar shugaban makarantun gunduma, wanda a wurinmu za mu kira sakataren ilimi, su ne ke sallamarsa, su ne ke amincewa da kasafin kuɗi. Gwamna ba ya naɗa shi. Ko babbar jami'ar ilimi ta jiha, wadda take kamar kwamishina, ba gwamna ke naɗa ta ba, takara take tsayawa a zaɓe ta. Mai riƙe da kujerar yanzu Ellen Weaver ce, tun Janairun 2023.

Zaman kwamiti na farko da na halarta, shugabar makarantarmu ce ta kai mu don a gabatar da sababbin malamai. Da yamma ne, a ɗakin karatu na makarantar sakandare, an jera kujerun ƙarfe. An buɗe da addu'a da rantsuwar biyayya ga tuta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne takardar da aka miƙo mini a bakin ƙofa, ɗauke da jerin abin da za a tattauna. Doka ta ce sai an liƙa wannan jeri aƙalla awa 24 kafin zama. Doka ta kuma ce duk kuɗin da hukumar ta kashe da ya wuce dala 100 sai an sa shi a shafinta na intanet, da sunan wanda aka biya. Duk ma'aikacin gwamnati da albashinsa ya kai dala 50,000 a shekara, kowa na iya tambaya a gaya masa nawa yake ɗauka. A daren nan da na koma gida na buɗe shafin, na yi ta karantawa har ƙarfe ɗaya: kuɗin wuta, kuɗin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuɗin otal na wani taro a bakin teku. Na tuna mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi hedimasta shekara ashirin da wani abu, ya kuma koma ga Allah bai taɓa ganin takardar da ta nuna nawa aka ware wa makarantarsa ba.

Akwai wata dattijuwa da ba ta fashin zama. Tsohuwar mai dafa abinci ce a makarantar firamare, jikokinta uku take riƙo. Tana zuwa da littafin rubutu mai jan bango. Idan aka zo lokacin jin ta bakin jama'a, inda kowa ke da minti uku, sai ta tashi a hankali ta buɗe littafin ta ce a watan kaza kun ce za a gyara rufin ɗakin motsa jiki, ga shi ruwa na zuba a bokiti, ina aka kwana? Shugaban kwamitin ɗan ƙanwarta ne. Yana kallon agogo, tana kallonsa, kuma ban taɓa ganin ya katse ta ba. A wannan shekarar ta farko, da an tambaye ni, da na ce mu kwafi tsarin nan gaba ɗaya mu kai gida.

Sannu a hankali na fara ganin ɗaya fuskar. A gundumar da masaƙa ta rufe, kamfanin katako ya rage ma'aikata, hukumar makarantu ita ce babbar mai ba da aiki. Direban bas, mai shara, mai dafa abinci, akawu, kocin ƙwallo, mai gadi, duk daga nan suke ci. Kujerar kwamiti kuma da 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ake cin ta, don ba kowa ke fitowa zaɓen ba. Wanda ke da manyan dangi da babban coci ya riga ya ci. To idan ya hau, dangin nan ba za su manta da shi ba. Na ga zaman da aka yi minti ashirin a gaban jama'a, sannan 'yan kwamitin suka shige ɗaki suka rufe ƙofa, doka ta yarda da haka idan batun ma'aikata ne ko kwangila, suka yi awa biyu da rabi. Muna zaune a waje. Da suka fito aka ce an amince da shawarar da ta shafi ma'aikaci na ɗaya da ma'aikaci na biyu, aka ɗaga hannu, huɗu da uku, aka tashi. Washegari gari ya ɗauka cewa faɗan a kan kocin ƙwallo ne. A wannan zaman ba wanda ya furta kalmar karatu, alhali a makon ne sakamakon jarrabawa ya fito.

Tun zuwana sakataren ilimi uku na gani. Ta farko ta zo da tsarin koyar da karatu, aka sayi littattafai, aka horar da mu a lokacin hutu. Ta taɓa wani da bai kamata ta taɓa ba, zaɓe ya zo, rinjaye ya juya, aka biya ta sauran kuɗin kwantiraginta ta tafi. Na riƙo ya yi wata tara bai motsa komai ba, don ya san ba zama ya zo yi ba. Na uku ya zo da nasa tsarin da nasa kamfanin horarwa. Littattafan farko suna nan a sito, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Wannan kam ban buƙaci a fassara mini ba, na san shi tun daga gida.

Amma ko da 'yan kwamitin nan mala'iku ne, akwai bangon da ba za su iya tsallakewa ba, wato kuɗi. Kuɗin makaranta a Amurka daga aljihu uku yake fitowa. Gwamnatin tarayya ita ce mai ƙaramin kaso, kusan ɗaya cikin goma a faɗin ƙasa, ko da yake a wuraren talakawa irin namu ya fi haka. Jiha na bayarwa. Sauran kuma daga harajin gidaje da filaye da masana'antun da ke cikin gundumar. Nan gizo ke saƙar. Gundumar da ke da kamfanin ƙera motoci, ko otal-otal na bakin teku, ƙaramin haraji za ta sa ta tara miliyoyi. Tamu kuwa, mai gonaki da tsofaffin gidaje, ko ta matse mutanenta har su yi kuka, abin da zai fito ba ya taka kara ya karya.

A 2006 majalisar jiha ta yi wata doka mai lamba 388. Ta ɗauke wa duk mai zaune a gidan kansa harajin gudanar da makarantu, ta ƙara kashi ɗaya cikin ɗari a harajin sayen kaya, daga biyar zuwa shida, don jiha ta cike gurbin. Masu manyan gidaje a wajen birnin Charleston na bakin teku sun ji daɗi. Nauyin sai ya koma kan masu shaguna da masu gidajen haya, waɗanda dama ana ƙiyasta musu haraji a kan kashi 6 na darajar kadara, masu zama a gidan kansu kuma kashi 4. Dokar ta kuma ƙayyade yadda hukuma za ta iya ƙara haraji a shekara, gwargwadon hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a. To mu jama'armu raguwa suke yi. Ga batun gini kuma: tsarin mulkin jihar ya ce hukuma ba za ta ci bashin da ya wuce kashi 8 na ƙiyasin kadarorin gundumar ba sai da ƙuri'ar jama'a. A matsayina na malamin lissafi, na kan ba ɗalibaina wannan a allo: kashi takwas na abu kaɗan nawa ne? Rufin da dattijuwar nan ke tambaya a kai, amsarsa tana cikin wannan lissafi. Ɗan ƙanwarta ya san yana yoyo sarai. Kuɗin kwano ne babu.

Wannan ba jiya ya fara ba, kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin nan zai ji labarin. A gundumar Clarendon, a ƙarshen shekarun 1940, 'ya'yan farare na da motocin bas da ke kai su makaranta, 'ya'yan baƙaƙe kuma a ƙasa suke takawa, wasu mil tara. Wani fasto kuma malami, Joseph DeLaine, ya tara iyaye suka nemi bas ɗaya tak. Kwamitin makarantu na gari, irin wannan na mutanen gari da ake yabo, ya ce babu. Daga neman bas magana ta zama ƙara a kotu, da sunan Harry Briggs, mai sayar da mai a gidan mai, wanda aka kora daga aiki saboda ya sa hannu. Aka ƙona gidan DeLaine, daga baya ya gudu ya bar jihar. Wannan ƙara tana cikin guda biyar da Kotun Ƙolin Amurka ta haɗa ta yanke hukunci a kansu ranar 17 ga Mayun 1954, cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Da aka tilasta haɗa makarantun sosai wajen 1970, farare da yawa a waɗannan gundumomi sai suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da suka kafa. Akwai irinta a kusa da mu har yau. Ma'ana, waɗanda suka fi kowa filaye da faɗa a ji a gundumar ba su da ɗa ko jika a makarantar gwamnati, amma idan aka zo ƙuri'ar cin bashin gini suna da ƙuri'a. Edita, wannan ma na san shi daga gida. Nuna mini ɗan babban mutum ɗaya a firamaren gwamnati ta garinmu.

A 1993 hukumomin makarantun karkara kusan arba'in suka kai jihar ƙara, shari'ar da ake kira da sunan Abbeville, ɗaya daga cikin hukumomin. A 1999 Kotun Ƙolin jihar ta ce tsarin mulki ya wajabta wa gwamnati ba kowane yaro damar samun ilimi mafi ƙarancin abin da zai wadatar. Ka ji kalmar, mafi ƙaranci. Aka yi zaman sauraron shaidu na kwana 102 a garin Manning, a wannan Clarendon ɗin dai. Sai a Nuwamban 2014, bayan shekara 21, kotun ta ce jihar ta gaza, da alƙalai uku a kan biyu. Yaron da aka sa a aji ɗaya ranar da aka shigar da ƙarar, a lokacin ya yi aure har da 'ya'ya. Shekara uku bayan haka, da aka sami canjin alƙalai, kotun ta janye hannunta daga sa ido, shi ma uku a kan biyu. Abin da za a iya nunawa da yatsa da ya fito daga shari'ar shi ne ajin yara 'yan shekara huɗu na cikakken yini da aka fara a yankunan talakawa a 2006. Da babu gara ba daɗi.

To idan mutanen gari sun gaza, jiha ta karɓe mana? An gwada. Allendale ita ce gunduma mafi ƙarancin jama'a a jihar, mutum dubu takwas da 'yan kai a ƙidayar 2020. A da garin na kan babbar hanya mai lamba 301, wadda matafiya daga arewa ke bi zuwa Florida, cike da masaukai da gidajen abinci. Da aka gina sabon babban titi mai lamba 95 ya bi ta wani wuri, sai garin ya bushe, kamar garuruwanmu na bakin layin dogo bayan jirgi ya daina tsayawa. A 1999 jiha, ƙarƙashin babbar jami'ar ilimi ta lokacin, Inez Tenenbaum, ta karɓe makarantun Allendale. Ta riƙe su har 2007 ta mayar wa kwamiti. A 2017 Molly Spearman, mai riƙe da kujerar a lokacin, ta sake karɓewa, saboda sakamakon yara na cikin mafi muni a jihar, ga kuma matsalar yadda ake sarrafa kuɗi. A 2018 aka karɓe na Williamsburg da na garin Timmonsville. Na Timmonsville ma daga baya, a 2022, aka narkar da hukumar cikin ta birnin Florence, aka rufe makarantar sakandaren garin.

Na yi aiki da wata malamar Turanci da ta koyar a ɗaya daga cikin wuraren da aka karɓe. Ta ce gaskiya littattafan akawu sun gyaru, an daina ɗaukar ɗan wane aiki don shi ɗan wane ne, an biya basussuka. Ta ce amma mutanen Kolumbiya, babban birnin jiha, da mota suke zuwa da safe su koma da yamma, kuma ranar da suka tattara suka tafi, yaran nan dai su ne, gidajen da suke komawa su ne, malaman da ba sa zama su ne. Na yarda da ita. Ni a ganina karɓewar tana maganin sata da son kai na ɗan lokaci, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma ban ga alamar tana koya wa yaro karatu ba, in ba haka ba da ba a koma Allendale karo na biyu ba.

Haɗe hukumomi shi ne abin da ake yayi yanzu. Hampton ta haɗe nata biyu a 2021, Bamberg a 2022, Clarendon mai guda uku ta koma ɗaya a 2022. Hujjar a bayyane take: me ya sa gunduma mai yara dubu biyu za ta biya sakataren ilimi biyu, akanta biyu, lauya biyu? Ina goyon baya a kan takarda. Sai dai na ga yadda ƙaramin gari ke ji da makarantarsa. Daren Juma'a na kakar ƙwallo kowa na filin wasa, tsoho da yaro, ana buga ganguna da kakaki. Garin da aka rufe wa sakandare kamar garin da aka ɗauke wa kasuwa ne da masallacin Juma'a a rana ɗaya.

Yanzu batun sakamako, wanda shi ne aikina. Kowace shekara jiha na fitar da katin sakamako na kowace makaranta, da matakai biyar daga mafi kyau zuwa wanda bai gamsar ba. Yara daga aji uku zuwa takwas suna rubuta jarrabawar jiha a karatu da lissafi. Ni ina koyar da aljebra a aji tara, wato ajin farko na babbar sakandare a nan, kuma akwai jarrabawar jiha a ƙarshen darasin da ke ɗaukar kashi 20 na makin yaro. A makon farko na kan ba su gwaji na kaina. Kullum sai na sami yaran da ba su iya jadawalin sau bakwai ba, da waɗanda idan aka ce rabi da kwata wanne ya fi sai su ce kwata, don huɗu ta fi biyu. Ba daƙiƙai ba ne, wallahi. Da na bi tarihin wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai na gano a aji shida malamin riƙo ne ya zauna da su shekara guda, a aji bakwai kuma ta allon kwamfuta wani malami daga wata jiha ya koyar da su, da mai tsaron aji a zaune a gefe. Shekara biyu ke nan ba ta sami wanda zai tsaya a kanta ya ga inda ta ɓace ba.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Adadin yaran da suka kammala sakandare cikin shekara huɗu yana da nauyi a katin sakamakon makaranta. Don haka idan Afrilu ta yi, sai kira ya fara zuwa daga ofis. Ba wanda zai ce maka ƙara wa yaro maki. Cewa za a yi, malam, me za mu iya yi don taimaka wa wane? Yaron da ya faɗi darasin wata tara sai a zaunar da shi gaban kwamfuta na 'yan makonni, ya yi ta danna amsa har ta yi daidai, a ce ya cike gurbi. Ranar yaye ɗalibai a sa masa riga da hula, kakarsa na kuka don murna, kwamiti na tafi, a sanar cewa adadin masu kammalawa ya ƙaru. Adadin gaskiya ne, ba wanda ya yi ƙarya. Amma na haɗu da ɗaya daga cikinsu bayan shekara a kantin gari, ya ce kwalejin koyon sana'a ta mayar da shi ajin share fage na lissafi, ya gaji ya bari. Na sa hannu a takardar yaron nan. Ban ƙi ba, don bizata a hannun masu kiran take. Ina faɗa ne don kada a ɗauka ni na fita.

Duk inda na juya maganar, wuri ɗaya take komawa: malamin da zai zauna. Jihar ta yi ƙoƙari a nan, a ba ta haƙƙinta. Mafi ƙarancin albashin sabon malami ya tashi daga dala 36,000 a shekarar da na zo zuwa 47,000 a 2024. Kada mai karatu ya buga wannan da naira ya riƙe baki. Haya da inshorar lafiya da mota, wadda ba a rayuwa sai da ita a nan, suna cinye shi. Matsalar ita ce gundumomi masu arziki suna ɗora nasu a kai daga harajinsu. Yarinya ta gama jami'a, ta zo wurinmu ta yi shekara biyu ta goge, sai gundumar da ke tafiyar minti arba'in ta ba ta ƙarin dala dubu huɗu ko biyar, ga gidan haya mai kyau, ga asibiti kusa. Wa zai ga laifinta? Mu muke horarwa, su suke mora. Gurbin da ta bari kuma, da mu ake cikewa: 'yan Jamaika, 'yan Filifin, 'yan Indiya, 'yan Ghana, da ni. A sashenmu na lissafi da kimiyya baƙi sun fi 'yan ƙasa yawa. Muna aiki tuƙuru, wasunmu sun fi waɗanda suka tafi ƙwarewa. Amma shekarar farko yara na fama da harshenmu muna fama da nasu, ta biyu muna koyon hali, ta uku da ta huɗu mun fara amfani, ta biyar muna ɗaure kaya. Kwamiti ya san haka, jiha ta sani. Mu ne bokitin da aka tara a ƙarƙashin yoyon.

Idan akwai abin da zan so masu gardama a gida su ɗauka, ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗi: takardar nan da ake liƙawa. Ko hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, ce ke riƙe da kuɗi ko ƙaramar hukuma, a liƙa a ƙofar ofishin sakataren ilimi nawa ya shigo, wa aka biya, malamai nawa ke kan takardar albashi a kowace makaranta da sunayensu, a kuma ba kwamitocin kula da makarantu na mutanen gari, SBMC, da muke da su a takarda rana ɗaya a wata da za su yi tambaya a gaban jama'a a amsa musu. Muna da dattijai masu littafi mai jan bango a kowace unguwa, takardar dubawa ce ba su da ita. Amma kada wanda ya ce muku miƙa makaranta ga ƙaramar hukumar da ba ta da kasuwa ba ta da masana'anta zai sa ta yi kafaɗa da ta cikin birni. A nan sun fi shekara ɗari suna gwadawa.

Makon jiya, bayan an tashi, yarinyar nan da na ambata ta tsaya a bakin ƙofar ajina. Yanzu tana aji sha ɗaya, ta ci jarrabawar aljebra da kyau a karo na biyu, tana son karatun jinya. Ƙaninta zai shigo aji tara baɗi, ta ce ta riga ta gaya masa ya nemi ajina. Sannan ta tambaye ni ko zan dawo. Tambayar da yaran nan ke yi wa kowane malami ke nan idan shekara ta raba, kamar yadda mu muke tambayar mutum ya gida. Na ce mata bizata za ta ƙare a watan Yuni. Ba ta yi mamaki ba. Ta gyara jakarta ta ce to, ko na san wanda za a kawo? Na ce an liƙa tallar gurbin tun watan jiya. Ranar Talata mai zuwa akwai zaman kwamiti, na duba jerin abin da za a tattauna, batun guraben malamai shi ne na tara, bayan sayen sababbin fitilun filin ƙwallo.

Na gode da filin da ka ba ni. A gaida mutanen gida.

Naka,
Wani malamin lissafi ɗan jihar Katsina,
daga Karolina ta Kudu, Amurka.